Bayan Sumame, Ina Za A Kai Su?

A farkon shekarar 2019 aka turo Mohammed Wakili Kano a matsayin kwamishinan 'yan sanda, ana gab da babban zaɓe. Watanni kaɗan ya yi a kujerar ya yi ritaya, amma har yau mutanen gari ba su manta da shi ba. Matasa suka laƙaba masa Singham, kalmomin nan da yake yawan nanatawa kuma, "maza ƙwaya, mata ƙwaya", suka shiga bakin yara da manya. Dalilin farin jininsa a fili yake. Ya faɗi abin da kowa ke gani a lungunsu, ya kuma tura mota ta je ta kwaso. Uwar da ɗanta ya ɗauke mata tukunya ya sayar, da mai shagon da ke rufewa tun magariba don tsoron 'yan daba, da ɗalibar da aka ɗora wa wuƙa aka karɓe mata waya da rana tsaka, bukatarsu ɗaya ce: hukuma ta nuna tana raye.

Kwamishinoni da dama sun zo sun wuce bayansa. Kowanne da nasa sumamen, kowanne da ranar da zai jera matasa a hedikwatar Bompai gaban 'yan jarida, ga adduna da ƙullin wiwi da katan-katan na ƙwaya a zube a ƙasa. Duk da haka sunayen Dorayi da Kurna da Sheka da Ƙofar Mata ba su daina fitowa a labaran faɗan daba ba. Akwai tambayar da ba a cika yi ba ranar holin masu laifi. Yaron nan da ke tsugune a layi, idonsa jajir, jikinsa na ɓari don rabonsa da ƙwaya tun jiya, ina zai kasance nan da wata uku?

Wuraren ba su da yawa. Ko dai yana gidan yari na Kurmawa ko Goron Dutse yana jiran shari'a tare da waɗanda suka fi shi gogewa a harkar, ko iyaye sun yi karo-karo sun yi belinsa ya koma majalisar da aka kamo shi, ko kuma sun gaji sun kai shi gidan mari. Asibiti shi ne wuri na huɗu, kuma shi ne wanda mafi ƙarancinsu ke kaiwa gare shi.

Yawan da mota ba za ta iya kwashewa ba

A watan Janairun 2019 aka fitar da babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC. Ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye, ban da giya da taba, a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 masu shan wiwi ne, miliyan 4.6 masu haɗiyar irin su tiramol ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 masu kwankwaɗar maganin tari. A jihar Kano an samu kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Mutum ɗaya cikin biyar na masu shan ya riga ya kai matsayin da abin ya zame masa cuta, ba ya iya bari don kansa ko da yana so.

A ɗauki wannan lissafi a ajiye kusa da yawan ɗakunan tsare mutane da ke caji ofis-ofis na birni da kewaye. Ko da kowane ɗan sanda a Kano ya bar duk wani aiki ya koma kamen 'yan ƙwaya, babu inda za a zuba su. Binciken ya kuma nuna cewa cikin waɗanda shaye-shayensu ya yi tsanani, kusan kashi 40 cikin ɗari sun so a yi musu magani ba su samu ba, saboda tsada, da kunyar abin da za a ce, da rashin wurin zuwa. Kusan ɗaya cikin huɗu daga cikinsu kuwa an taɓa kama shi. Ma'ana, hukuma ta sha riƙe mutanen nan a hannunta, ta san sunansu da gidajensu, ta sake su yadda ta kamo su.

Dokar NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko hiroyin ko makamantansu. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta kai ga amincewa da hukuncin kisa ga masu fataucinsu. Ta ɓangaren tsanani dai ba a bar mu a baya ba. Ta ɓangaren magani kuwa, likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar mai mutum sama da miliyan 200 ba su kai 300 ba.

Daga kodin zuwa abin da ya fi shi

Labarin kodin ya isa darasi. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken Ruona Meyer wanda ya nuna yadda wasu ma'aikatan kamfanonin magani ke sayar da shi ta bayan fage, kuma cikin kwana ɗaya ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya haramta shigo da shi da haɗa shi. Matakin daidai ne, ya kuma yi aiki ta wata fuska: kwalbar ta yi tsada, ta yi wuyar samu. Sai dai masu shan ba su warke ba don an rufe famfon. Da yawa suka koma tiramol mai ƙarfin miligiram 225, alhali wanda likita ke rubutawa 50 ne ko 100. Da Indiya ta tsaurara fitar da tiramol a 2018, sai wasu kamfanoni suka ɓullo da haɗin tapentadol da carisoprodol, wanda ya fi haɗari, ake shigo da shi da sunaye irin su Tafrodol. Sai a Fabrairun 2025, bayan wani binciken BBC da ya bi sawunsa har Mumbai, Indiya ta hana haɗa shi. Marar kuɗi kuma dama yana da sholisho da madarar sukudai da roci.

Toshe hanyar kaya aiki ne na dole. Rufe shagunan magani sama da dubu da hukumar NAFDAC da majalisar masu haɗa magunguna suka yi a Sabon Gari a Fabrairun 2024, don tilasta wa dillalai komawa kasuwar magani ta Dangwauro inda za a iya sa musu ido, yana cikin abubuwa mafi ma'ana da aka yi a Kano kan wannan batu. Amma duk ranar da kaya ya yanke, akwai dubban jikkuna da ke neman sa. Wanda ya saba da tiramol idan ya rasa, zufa ce da ciwon gaɓoɓi da gudawa da kwana ido biyu. Wanda ya daɗe kan diazepam idan aka yanke masa rana ɗaya, yana iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, abin har ya kai ga rasa rai. Nasiha ba ta sauke wannan, duka ma haka. Da yawansu kuma ba don nishaɗi suka fara ba. Lebura ne ko ɗan ga-ruwa ko mai a-daidaita-sahu da aka ce masa ga abin da zai sa ya yi aikin yini bai ji gajiya ba.

Gidan mari

Inda gwamnati ta bar giɓi, mutane sun cike shi da abin da suka samu. A ƙarshen Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka fasa irinsa a Daura, aka bi da wasu a Katsina da Zariya. Duniya ta yi Allah wadai, kuma ta yi gaskiya. Abin da ya kamata ya fi tayar mana da hankali shi ne, mafi yawan waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata. Ba mugayen iyaye ba ne. Mutane ne da suka kai ɗansu caji ofis sau uku, suka yi masa rubutu da addu'a, suka tambayi kuɗin asibiti suka ji abin ya fi ƙarfinsu. Cibiyar gwamnati ta Dorayi ma, wadda fim ɗin BBC na 2018 ya shiga, an ga masu jinya a ɗaure da sarƙa a cikinta.

An rufe gidajen, aka miƙa wa iyaye 'ya'yansu. Ba a buɗe wani abu mai girman da zai maye gurbinsu ba. Akwai asibitin Dawanau, akwai sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai cibiyar Kiru, akwai ɗakunan jinya na NDLEA, akwai na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri. Ma'aikatansu na ƙoƙari. Gadajensu duka a haɗe ba za su ɗauki masu bukata na ƙaramar hukuma ɗaya a cikin birni ba. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawa, ta kuma ba majinyaci haƙƙoƙin da a da ba shi da su. Doka dai ba ta gina ɗaki, ba ta biyan albashin nas.

Abin da ya faru a Zurik

Akwai birnin da ya gwada hanyoyi biyu, kora kaɗai da kuma kora haɗe da magani, ɗaya bayan ɗaya a gaban idon duniya, kuma birni ne na masu kuɗi da tsafta da son doka: Zurik ta ƙasar Suwizalan. A ƙarshen shekarun 1980 masu allurar hiroyin suka mamaye Platzspitz, wani lambu da ke bayan gidan tarihin ƙasa, dab da babbar tashar jirgin ƙasa. Hukuma ta kau da kai da tunanin gara su taru wuri guda. Kafin a ankara dubban mutane ke zuwa kullum, wasu daga wasu ƙasashen, ana ciniki ana allura a fili, cutar ƙanjamau na yaɗuwa ta sirinji. A Fabrairun 1992 haƙuri ya ƙare, 'yan sanda suka kore kowa suka garƙame ƙofar lambun.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda duk mai unguwa a Kano zai gane. An share ƙofar gida ne an tura sharar ƙofar maƙwabci. Mutanen suka bazu cikin layukan unguwar da ke kusa, a bakin makarantu da ƙofofin gidaje, daga baya suka sake tattaruwa a tsohuwar tashar jirgi ta Letten, inda abin ya fi na da muni, har dillalai na harbin juna. A shekarar 1992 mutum sama da 400 ƙwaya ta kashe a ƙasar da yawan jama'arta bai kai rabin na jihar Kano a yau ba.

Da za a rufe Letten a Fabrairun 1995, sai aka sauya tsari. Kafin 'yan sanda su shiga, an riga an buɗe ƙofofi. An sauƙaƙa samun metadon, maganin da ke kwantar da ƙishirwar hiroyin ba tare da ya bugar ba. An buɗe ɗakunan da mai shaye-shaye zai shiga ya yi wanka, ya ci abinci, ya ga nas, ya karɓi sirinji mai tsafta. An tanadi wurin kwana da ƙananan ayyukan yi. Tun 1994 ma aka fara gwajin ba wa waɗanda duk wani magani ya gagara hiroyin a asibiti ƙarƙashin kulawar likita, abin da ya jawo gardama mai zafi. Wanda ba ɗan birnin ba kuma, idan aka kama shi sai a mayar da shi garinsu, a ce hukumar can ta ɗauki nauyinsa. Suka kira tsarin ginshiƙai huɗu: rigakafi, magani, rage illa, da tsaron doka. 'Yan sanda ba su janye ba ko kaɗan. Sun ma fi da tsanani kan taruwa a fili da kan dillalai. Bambancin shi ne yanzu ɗan sanda na da inda zai nuna wa mutum ya tafi.

Letten ba ta sake cika ba. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2006 ya nuna sababbin masu fara shan hiroyin a yankin Zurik sun ragu daga kimanin 850 a 1990 zuwa 150 a 2002. Mace-mace suka ragu da fiye da rabi. A 2008 aka kai tsarin gaban masu zaɓe, kashi 68 cikin ɗari suka amince ya zama doka.

Masu cewa a cire hannun hukuma gaba ɗaya su ma suna da nasu darasin. Jihar Oregon ta Amurka ta zaɓi daina hukunta masu riƙe ƙwaya kaɗan a 2020. Aka koma tarar dala 100 da za a yafe idan mutum ya buga wata lambar neman taimako. Kusan babu mai bugawa, kuɗin cibiyoyin jinya ya makara, ƙwayar fentanil ta shigo, titunan Portland suka cika. A 2024 majalisar jihar ta dawo da hukuncin. Fotugal, wadda suka ce suna kwaikwayo, ba haka ta yi ba. Tun 2001 idan ɗan sanda ya sami mutum da abin da bai wuce shan kwana goma ba, yana ƙwacewa, ya kuma tura shi gaban wani kwamiti mai masanin shari'a da ma'aikacin lafiya ko na jin daɗin jama'a, su tantance ko mai bukatar magani ne ko gargaɗi ko tara.

Abin da muke da shi a hannu

Kano ba Zurik ba ce. Ba mu da kuɗinsu, kuma matsalarmu ba ta allurar hiroyin ba ce galibi, ko da yake binciken 2019 ya ƙiyasta masu allura 80,000 a ƙasar, kuma an gwada rabon sirinji mai tsafta a Gombe da Oyo da Abiya a 2020. Metadon ba ya maganin wiwi ko sholisho. Abin ɗauka daga can shi ne jerin aikin, wato a buɗe ƙofa kafin a yi kora, da kuma zaman da likita da ɗan sanda da hukumar gari suka yi a tebur ɗaya suna aiki da tsari ɗaya.

Wani abin ma mun fi su. Kwamitin da Fotugal ta ƙirƙira da doka, mu muna da kusan irinsa tun kaka da kakanni: mai unguwa, da liman, da dattawan layi da suka san yaron tun yana rarrafe. Jihar Kano na da mazaɓu 484, kuma kusan kowacce na da asibitin sha-ka-tafi. Mafi yawan masu shaye-shaye ba sa bukatar gado na wata shida. Suna bukatar ma'aikacin lafiya da aka horar ya gane matakin da suke, ya rage musu maganin a hankali idan akwai haɗarin yankewa, ya gan su duk mako, ya tura mai tsanani Dawanau. Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsarin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya kan wannan, kuma an yi amfani da shi a Najeriya. Idan DPO ya kama yaro da ƙwaya biyar a aljihu, ba makami, ba wanda ya cuta, takardar da ta haɗa shi da wannan ma'aikaci, da sa hannun uba da mai unguwa, da sharaɗin cewa idan ya ƙi zuwa za a kai shi kotu, ta fi amfani ga unguwa a kan kwana uku a bayan kanta da kuɗin beli. Kaduna ta kafa hukuma ta musamman don rigakafi da maganin shaye-shaye, abin da ya kamata sauran jihohin Arewa su duba da kyau.

An ɗan gwada wani abu mai kama da haka a Kano a 2023, lokacin da kwamishina Mohammed Usaini Gumel ya kira jagororin daba su ajiye makamai, ɗaruruwa kuma suka amsa. Cece-kucen da ya ɓarke kan ɗaukar wasunsu aikin 'yan sandan sa-kai ya rufe tambayar da ta fi muhimmanci: tubabben da jikinsa ya saba da ƙwaya, wa ya duba shi? Rantsuwa da Alƙur'ani a gaban jama'a tana da nauyi, kuma niyya ce ta gaske ga da yawansu. Jijiyar jiki dai tana nan da bukatarta washegari da safe.

Sai mata. Binciken ya ce ɗaya cikin huɗu na masu shaye-shaye mace ce, amma a cibiyoyin jinya da ƙyar ake ganinsu. Matar aure da ke shan maganin tari a ɗakinta, ko budurwar da ƙawaye suka koya wa roci a gidan biki, ba ta zama a majalisa, don haka sumame ba ya iske ta. Idan Hisbah ta kama ta, asirinta ya tonu, wataƙila aurenta ya mutu. Idan ba a kama ta ba, babu wanda ya sani sai abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Hanyar da za a kai gare ta ita ce ta ɗakin awo da na rigakafin yara, wajen nas mace da za ta tambaye ta cikin sirri, ta kuma riƙe sirrin. NDLEA ta buɗe layin waya na kyauta a 2022 don masu neman shawara a ɓoye, kuma irin waɗannan matan ne suka fi cancanta su san da shi.

Aikin da ba mai yi sai ɗan sanda

Duk wannan ba ya rage wa 'yan sanda aiki, yana dai mayar da su kan wanda yake nasu. Wanda ya sari mutum ya karɓe waya mai laifi ne, ko a buge yake ko a warware, kuma kotu ce wurinsa. Mutanen Dorayi da ke kwana da fargaba suna da haƙƙin a tsare su yau, ba sai an gama gina cibiyoyi ba. Mai jinya ma na bukatar ɗan sanda fiye da kowa. Yaron da ya yi wata biyu a asibiti ya dawo, idan mai sayar masa na nan a kan kwanar layinsu, yana ba da bashi, yana kiran sa da suna, wahalar likita ta tashi a banza. Kowa a unguwa ya san wannan mutum. Yara sun san shi, 'yan sintiri sun san shi, da wuya a ce ofishin 'yan sandan yankin bai san shi ba.

Abin da mutanen unguwa ke yawan kuka da shi shi ne, a kama dila da safe, da yamma a gan shi a shagonsa, saboda wani babba ya buga waya. Sun kuma san lokacin da kasuwarsa ta fi ci: lokacin kamfe, sa'ad da ake loda matasa a motoci, a ba su na ƙwaya, a miƙa musu gora da adda su raka mai gida taro. Yaran da ake jerawa a Bompai bayan zaɓe sau da yawa su ne aka yi haya kafin zaɓe. Zaɓen 2027 na tafe, kuma 'yan jarida da malamai da masu unguwanni na iya fara tambayar kowane ɗan takara tun yanzu nawa zai ware wa maganin shaye-shaye a kasafin lafiya, da kuma su wane ne ke cikin motocin da ke bin bayansa.